Ƙari a cikin zuciya: yadda ake gane na daji da yadda ake tunkararsa

Tambaya: Yayana ɗan shekara 41 ne. Wata biyu ke nan yana haki, ƙafafunsa sun kumbura. Sau biyu ana zuƙe masa ruwa mai jini daga jakar zuciya, an ɗora shi a kan maganin tarin fuka amma ruwan ya dawo. Yanzu hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti, ya nuna ƙari a ɗakin sama na dama na zuciyarsa, likitoci sun ce mai yiwuwa daji ne. Dama zuciya tana yin daji? Ta yaya za a tabbatar, kuma me ake yi wa mai shi?

Amsa: Allah Ya ba yayanki lafiya, 'yar'uwa. Zuciya tana yin daji, sai dai da wuya ƙwarai, har likita yakan gama aikinsa bai ga ko guda ba. Daji daga kuskuren rabuwar ƙwayoyin halitta yake tasowa, su kuwa ƙwayoyin tsokar zuciya kusan ba sa rabuwa: a jikin matashi ma kusan 1 cikin 100 ne ke sabuntuwa a shekara. Binciken gawarwaki yana nuna ƙarin da ya samo asali daga zuciya a tsakanin mutum 1 zuwa 30 cikin 100,000, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan ba daji ba ne. Wannan ƙarancin shi ne tushen yawancin kurakuran da ake yi, don abin da ido bai saba gani ba, da sunan wani abu ake fara kiransa. Mai ruwa a jakar zuciya a ce tarin fuka ne, mai toshewar jijiyar huhu a ce gudan jini ne, a yi watanni ana maganin abin da ba shi ba.

Abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne, "ƙari a zuciya" bayanin hoto ne kawai, ba sunan ciwo ba. Sai an san sunan ake sanin magani, domin a cikin waɗannan ciwuka akwai wanda wuƙa ce maganinsa, akwai wanda wuƙa ɓata masa lokaci take yi.

Tambayar farko da likita yake yi wa kansa ita ce, shin ƙari ne ma kuwa? Abin da ya fi yawan fitowa a eko kamar ƙari gudan jini ne da ya daskare, sai tsiron ƙwayoyin cuta a kan bawul, wato ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan zuciya, sai wasu tudu da zare-zare na halitta da wasu mutane ke da su a ɗakin sama na dama tun haihuwa. Tambaya ta biyu, idan ƙari ne, ɗan gida ne ko baƙo? Dajin da ya taso daga wata gaɓa ya sauka a zuciya ya ninka na asalin zuciya sau 20 zuwa 40. Na huhu da na mama su ne kan gaba saboda yawansu da kusancinsu, sai dajin jini da na kaluluwa, sai baƙin dajin fata wanda ya fi kowanne son zuciya. Na ƙoda da na hanta kuma sukan bi ta cikin babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki, su miƙe kamar igiya har ɗakin sama na dama. Saboda haka duk wanda aka ga ƙari a wannan ɗakin, dole a duba cikinsa da ƙirjinsa gaba ɗaya kafin a ce daga zuciya ya fara.

Idan ɗan gida ne kuma na daji, kusan duka sakoma ce, wato dajin nama, jijiya da tantani. Ragowar kaɗan limfoma ce, dajin fararen ƙwayoyin jini. A nan wurin zaman ƙarin yana faɗin abubuwa da yawa. Anjiyosakoma, wadda ke tasowa daga shimfiɗar cikin jijiyoyin jini, ɗakin sama na dama take kamawa, ta fi samun maza masu shekara 30 zuwa 50, tana cin bango ta ɓulla cikin jakar zuciya tana zubar da jini. Jakar nan ruwan da ke cikinta a ƙa'ida bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba, kuma idan jini ya taru da sauri, mililita 150 zuwa 200 ma ya isa ya matse zuciya ta kasa cika. Da yake jinin ɓangaren dama huhu yake nufa kai tsaye, sau da yawa kafin a gano ta ta riga ta watsa 'ya'ya can. Limfoma ita ma dama take so, musamman a jikin mai raunin garkuwa, kamar mai ƙanjamau ko wanda aka yi wa dashen gaɓa. Halinta shi ne ta naɗe jijiyar da ke ciyar da zuciya ta dama ba tare da ta shaƙe ta ba, ta kuma taɓa hanyar wutar zuciya bugu ya yi ƙasa.

A hagu labarin daban ne. Ƙarin da aka fi gani a ɗakin sama na hagu miksoma ce, wadda ba daji ba ce, tana rataye da siririn wuya daga tsakiyar bangon da ya raba ɗakunan sama biyu, kuma tiyata tana warkar da ita tun lokacin da likitan tiyata Clarence Crafoord ya fara cire ta da injin zuciya da huhu a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a 1954. Amma akwai sakomar da ke zama a ɗaki guda da ita, ana ruɗa su. Bambancin shi ne sakoma gindinta faɗi ne, a bangon baya ko bakin jijiyoyin huhu take kafuwa, wani lokaci fiye da guda. Likitan da ya shiga da zaton miksoma ya kankare abin da ya gani ya rufe, bayan 'yan watanni ɗakin ya sake cika, kuma tiyata ta biyu ba ta taɓa kai ta farko sauƙi ba. Duk "miksomar" da ba a tsakiyar bangon take ba, a yi mata kallon tuhuma.

Abin da kika bayyana na yayanki, wato shekarunsa, ɗakin dama, ruwa mai jini da ke dawowa, ya sa anjiyosakoma a sahun gaba, limfoma da baƙon daji suna biye. Amma wannan zato ne na hankali, gwaji ne zai yanke.

Eko ta saman ƙirji ita ce matakin farko: girma, motsi, ko ya tare bawul, ko ruwa na matse zuciya. Eko ta maƙogwaro, inda ake zura bututu mai kan na'ura ya tsaya a bayan zuciya, ta fi nuna gindin ƙarin da bakin manyan jijiyoyi. Wanda ya fi kowanne faɗin irin naman shi ne hoton MRI na zuciya da allurar gadoliniyam, wani sinadari da ake sawa a jini don ya haska a hoton. Gudan jini ba shi da jijiyoyin kansa, don haka ba ya shan allurar, baƙi yake zama a hoto. Ƙari mai rai kuwa yana sha. Alamun da ke karkatar da zato ga daji sanannu ne: girma fiye da santimita 5, zama a dama, gindi mai faɗi, gefe mara tsari, ƙetare bango zuwa jaka ko zuwa wani ɗaki, shan allura dabbare-dabbare da mataccen tsakiya, da ruwa mai jini a jaka. Kafin allurar a auna aikin ƙoda. Hoton CT na ƙirji, ciki da ƙugu shi ke neman inda ya fito ko inda ya je, ya kuma nuna wa likitan tiyata dangantakarsa da jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. A anjiyosakoma ana haɗawa da hoton ƙwaƙwalwa.

Hoton PET yana da amfani, amma shirinsa ne ke yawan lalacewa. Sukari mai alama ake sa wa mutum a jini, daji ya zuƙe shi ya haska. Matsalar ita ce tsokar zuciya ma mai shan sukari ce, idan ba a juya ta ga cin kitse ba sai ta haska gaba ɗaya ta rufe ƙarin. Don haka ake sa mara lafiya ya yini guda yana cin abinci mai maiƙo ba sitaci ba sukari, sannan ya yi awa 12 zuwa 18 bai ci komai ba sai ruwa. Ko an yi daidai, a tuna kumburin ƙwayar cuta, har da tarin fuka, shi ma yana haskawa. PET ba ya maye gurbin ganin nama.

Ganin naman nan shi ne wurin da ya fi wuya. Ruwan da aka zuƙe daga jaka ana duba ƙwayoyinsa, amma sakamakon "ba a ga daji ba" ba ya wanke kowa, don a anjiyosakoma yawanci jini zalla ake samu. A limfoma ruwan ya fi faɗin gaskiya, musamman idan an kai shi sabo ga na'urar da ke tantance fararen ƙwayoyi ta alamun bayansu. Idan hoto ya nuna wani ƙulli a huhu, hanta ko kaluluwa da allura za ta kai gare shi cikin sauƙi, can ake fara ɗiba, ya fi aminci. In babu, ƙarin dama ana kai masa ta jijiyar wuya ko ta matsematsi da siririn bututu mai ɗan baki kamar hantsaki, ana kallo da eko, a gutsuro guda huɗu zuwa shida daga wurare daban. Kuskuren da ake yi shi ne gutsuro saman ƙarin, inda gudan jini da mataccen nama suke, sakamako ya dawo babu komai. Haɗarinsa huda bango ne da zubar jini, shi ya sa ba a yinsa sai inda likitan tiyatar zuciya yake kusa. Ƙarin hagu ba a cika gutsurarsa ta wannan hanya ba, don ɓarɓashin da ya kuɓuce ƙwaƙwalwa zai nufa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

A ɗakin gwaji madubin likita kaɗai ba ya isa, sai an yi wa naman rini na musamman. Alamomin da rinin ke fitarwa, CD31 da ERG, suna nuna anjiyosakoma, CD20 yana nuna limfomar da ta fi yawa a zuciya, yawaitar kwafin ƙwayar gado ta MDM2 yana nuna sakomar hagu da ta jijiyar huhu. Ki nemi a ba ku rahoton a rubuce, kuma idan da hali a tura naman ga mai gwajin da ya saba da sakoma ya sake dubawa. Sauya suna bayan dubawa ta biyu ba baƙon abu ba ne a wannan fanni.

Akwai wani abu da ya shafi yayanki kai tsaye. Mai shan maganin tarin fuka na jakar zuciya sau da yawa ana haɗa masa da firedinisolon. Wannan maganin yana narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, sai mara lafiya ya ji sauƙi, ƙarin ya ragu, naman da aka ɗebo ya kasa nuna komai, bayan makonni ciwon ya dawo. Ki tambaya ko yana shansa, ki tabbatar masu ɗibar naman sun sani. Kada ya daina da kansa, don yanke shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin.

Idan limfoma ce, labarin ya fi daɗi, kuma ba a buɗe ƙirji don cire ta. Maganinta kemo ne, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, mai haɗin biyar da ake kira R-CHOP: rituksimab miligiram 375, saikulofosfamid 750, doksorubisin 50 da binkiristin 1.4, duk a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, binkiristin ba ya wuce miligiram 2, sai firedinisolon na kwana biyar. Ana maimaitawa duk kwana 21, yawanci zagaye shida. Zagayen farko ne mai haɗari: ƙarin da ya ratsa bango yana iya narkewa da sauri ya bar rami, ko bugun zuciya ya rikice, ko gubar matattun ƙwayoyi ta toshe ƙoda. Shi ya sa ake yinsa a kwance a asibiti da na'urar lura da bugu, a ba da ruwa da maganin alofurinol don kare ƙoda, wasu cibiyoyi ma su rage ƙarfin zagayen farko. Kafin rituksimab dole a gwada ciwon hanta nau'in B, don yana tayar da wanda ya kwanta. Da yawa suna samun ɓacewar ƙarin gaba ɗaya, kuma raunin bugun da ya sa aka yi tunanin dasa na'urar daidaita bugu yakan gyaru da kansa.

Idan sakoma ce, zan faɗa miki yadda take, ba ɓoye-ɓoye. Ba tare da tiyata ba, matsakaicin abin da ake rayuwa wata 6 zuwa 12 ne. Abin da ya fi komai tsawaita rai shi ne a cire ta dukanta da gefe mai tsabta, wato mai gwaji ya duba bakin yankan bai ga ƙwayar daji ba. Waɗanda aka samu haka a kansu matsakaicinsu yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye, wasu kaɗan su daɗe sosai. Wahalar ita ce a hannu ko cinya ana yanke sakoma da santimita biyu na lafiyayyen nama kewaye da ita, a zuciya kuwa babu wannan rarar.

A dama, da yake ƙarin zuwa waje yake girma kuma ba ya saurin toshe hanya, akwai lokacin fara kemo kafin wuƙa, kuma cibiyoyin da suka fi ganin wannan ciwo haka suka fi so. Hikimar biyu ce: ƙarin ya ja baya a samu gefe mai tsabta, a kuma ga halinsa, don wanda ya ci gaba da bazuwa a kan kemo babbar tiyata ba za ta amfane shi ba. Haɗin da aka saba shi ne doksorubisin miligiram 75 da ifosfamid kusan giram 10 a kan murabba'in mita, a raba cikin kwanaki, duk mako uku, ana sake hoto bayan kowane zagaye biyu. Ifosfamid yana ƙona mafitsara ya sa fitsarin jini, don haka ba a ba da shi sai da mesna, maganin da ke kare mafitsara, da ruwa mai yawa, yana kuma iya rikita tunani na 'yan kwanaki. Doksorubisin kuwa ita kanta zuciyar yake raunanawa, abin da ya sa ake tsayawa idan jimillarsa ta kai miligiram 450 zuwa 550 a kan murabba'in mita, ana duba ƙarfin bugu da eko a kai a kai. Anjiyosakoma tana jin faklitaksel, miligiram 80 a kan murabba'in mita a rana ta 1, ta 8 da ta 15 cikin kowane kwana 28, kuma ya fi sauƙin ɗauka ga wanda jikinsa ya yi rauni. Jemsitabin da dosetaksel, ko ƙwayar fazofanib, su ake komawa daga baya.

Wajen tiyata, ana iya cire kusan dukan bangon ɗakin sama na dama a sake gina shi da tantanin jakar zuciyar saniya da aka sarrafa. Idan ƙarin ya ci jijiyar da ke ciyar da dama, a yanke ta a yi mata gada da wata jijiya. Idan ya ci bawul, a sa na roba ko na nama. Iyakar ita ce ɗakin ƙasa: in aka ɗebi tsokarsa da yawa zuciya ba za ta tashi daga kan inji ba.

A hagu sau da yawa babu lokacin jira, don ƙarin yana toshe bawul huhu ya cika da ruwa, sai a fara da wuƙa kemo ya biyo baya. Bangon baya na ɗakin hagu kuwa yana can ƙarƙashin zuciya inda hannu ba ya kaiwa da kyau. Dabarar da aka samo ita ce a ciro zuciyar gaba ɗaya a sa ta cikin ƙanƙara, a yanke ƙarin ana ganinsa sarai, a gina ɗakin, a mayar da ita. Denton Cooley da abokan aikinsa suka ba da rahoton wannan a 1985, Michael Reardon kuma ya yi wa sakoma a 1998, duka a Hustan ta Amurka. Da yake zuciyar mutum ce aka mayar masa, babu buƙatar maganin danne garkuwa. Inda take yin muni shi ne idan sai an haɗa da cire huhu guda, mace-macen wannan haɗin suna da yawa har masu yin ta suna guje masa. Dashen zuciyar wani kuwa bai cika amfani ba, don ƙwayoyin da suka riga suka fita suna samun sarari da zarar an danne garkuwa.

Gashi, wato ƙona daji da hasken na'ura, matsayinsa ƙarami ne. Zuciya ba ta tsayawa wuri guda, kuma ƙarfin da ke kashe sakoma yana lahanta tsoka, jijiyoyi da jaka. Ana amfani da shi idan gefen yanka bai fita da tsabta ba, ko tiyata ba ta yiwuwa, ko don rage ciwon wani ƙulli a ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Bayan magani ana hoton zuciya da ƙirji duk wata uku zuwa huɗu a shekara biyun farko, don a nan dawowa ta fi yawa.

A ganina tambayar da ta fi muhimmanci ku yi wa likitocinsa ita ce, wa zai yi tiyatar farko, kuma an zauna da likitan daji, mai hoto da mai gwajin nama kafin a sa rana? Sai dai idan ƙarin ya toshe hanya rai na cikin haɗari, jinkirin mako biyu don samun sunan ciwon da tsari ya fi gaggawar buɗe ƙirji a kankare rabi. Idan kuma ya riga ya bazu, kemo ne jigo, tiyata ta zama ta buɗe hanya kawai, kuma a shigo da masu kula da sauƙaƙa ciwo da haki tun da wuri, ba sai ƙarshe ba.

Kafin nan akwai abubuwa uku na yau da gobe. Ruwan da ya dawo sau biyu zai sake dawowa, don haka ku tambayi batun barin bututu na 'yan kwanaki ko yanka 'yar taga a jakar ruwan ya riƙa malalewa. Likitan tiyata ne zai auna, don tagar tana iya ba da nama na gwaji amma tana iya buɗe wa ƙwayoyin daji hanya zuwa kogon huhu. Maganin tsinka jini, wanda akan ba da idan an zaci gudan jini ne, yana da haɗari ga mai zubar jini a jaka, a sake duba dalilinsa idan yana kai. Rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka yana sa hanta ta ƙone binkiristin, faklitaksel, fazofanib da firedinisolon da sauri su rasa ƙarfi, saboda haka dole a yanke shawara a kan ko akwai hujjar tarin fukan ta gwaji kafin a fara kemo. Idan kuwa kuka ga hakinsa ya ƙaru farat ɗaya, jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi mai sanyi, jiri ko suma, ko ya kasa kwanciya sai a zaune ya sunkuya gaba, ruwan ne ya matse zuciyar, a kai shi sashen gaggawa a lokacin, a gaya musu yana da ƙari a ɗakin dama kuma an taɓa zuƙe masa jini sau biyu.